Furoksi Dillali Ne, Kar Ka Miƙa Masa Dukan Garken

A ƙarshen makon jiya na leƙa gida Utai, na zauna a shagon wani mai cajin waya ina jiran batirina ya ɗan ɗauka. Sai ga wani yaron maƙwabtanmu da ke karatu a jami'ar Wudil, ya ajiye kwamfutarsa a gabana ya ce, "Yaya, don Allah duba min wannan abin. Tun shekaranjiya Facebook ɗina ya fita daga hannuna." Shafin da yake tallar takalma da huluna ne, ya yi shekara biyu yana tara masa mabiya. Yanzu wani ne a ciki, yana bin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya yana cewa a turo kuɗi ta wata sabuwar lambar asusu.

Da na buɗe burauzarsa sai na ga wani ɗan tambari a sama ta ɓangaren dama. Na tambaye shi, ya ce ai ekstenshan ne na furoksi, a gurup ɗin WhatsApp aka turo, aka ce yana buɗe shafukan da ba sa buɗuwa a Najeriya. Ya kunna shi wata biyu da suka wuce don ya yi rajista a wani shafin neman aiki, daga nan bai sake tunawa da shi ba. Wata biyu cur, duk shafin da ya buɗe sai ya bi ta hannun wani mutum da bai san sunansa ba, bai san ƙasarsa ba, kuma da hannunsa ya ba ekstenshan ɗin izinin karanta duk abin da ke kan kowane shafi.

Ba zan ce a guji furoksi ba, don ni ma ina amfani da shi. Ra'ayina shi ne: amfanin sarrafa furoksi ta ekstenshan yana cikin zaɓin da yake ba ka, wato ka ce wannan shafin ya bi ta can, sauran kuma su tafi kai-tsaye. Wanda ya kunna shi ga komai da komai ya manta, ya zubar da amfanin ya rungumi haɗarin. Abin takaicin kuma, haka yawancinmu muke yi.

Mene ne furoksi tukuna?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san aikin dillali. Mai sa yana gefe, mai saye yana gefe, dillali ne ke kai magana ya kawo. Wani lokaci mai saye ba ya ma sanin ko wane ne mai dabbar. Amma shi dillali ya san kowa: ya san wanda ya kawo, ya san wanda ya taya, ya san nawa aka sallama.

Haka furoksi yake. Wata kwamfuta ce, wato saba, da ke tsayawa tsakaninka da shafin da kake nema. Maimakon burauzarka ta je shafin da kanta, sai ta aiki sabar, ita ta karɓo ta miƙo maka. Shafin zai ga adireshin IP na sabar, ba naka ba. In sabar tana Jamus, shafin zai ɗauka daga Jamus kake. Kamfanin layinka kuma zai ga kana magana da sabar ne. Abin da ake ba ka don ka haɗu da ita yawanci abu biyu ne: adireshi da lambar ƙofa, irin su 8080 ko 3128 ko 1080, wani lokaci da suna da kalmar sirri.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Furoksi yana ɓoye ka daga shafin, amma ba ya ɓoye ka daga mai furoksin. In adireshin shafin ya fara da https, saƙonka a kulle yake wucewa, mai sabar ba zai iya karanta kalmar sirrinka ba, amma zai ga sunan shafin da ka shiga, da lokacin, da yawan datar da ta wuce. In kuwa http ne kawai babu s, to komai a buɗe yake gare shi, har yana iya canza abin da zai iso maka, ya cusa talla ko ya sauya fayil ɗin da kake saukewa. Sannan yawancin furoksi na gama-gari ba sa ƙara wani kulli nasu tsakaninka da sabar, ba kamar VPN ba. Don haka kalmar "tsaro" da ake liƙa wa furoksi a tallace-tallace, sau da yawa ado ne kawai.

Me ekstenshan ya ƙara?

Ekstenshan ƙaramar manhaja ce da ake maƙala wa burauza don ta ƙara mata wani aiki. A kwamfuta, Chrome ba ta da saitin furoksi nata na kanta, da na Windows ko Mac take aiki. In ka canza can, ka canza wa manhajoji da yawa lokaci guda. Ekstenshan irin FoxyProxy, wanda yake nan tun 2006, ko ZeroOmega, yana ba ka damar canza wa burauzar kaɗai, da dannawa ɗaya.

Yawancinsu hali uku suke da shi. Na farko, kai-tsaye: babu furoksi. Na biyu, komai ya bi ta saba ɗaya. Na uku, bisa ƙa'ida: ka rubuta jerin shafukan da za su bi ta furoksi, duk wanda ba ya cikin jerin ya tafi kai-tsaye. Wannan na ukun ba sabon abu ba ne. Tun 1996 kamfanin Netscape ya fito da fayil ɗin PAC, wanda aikinsa ke nan: ya dubi adireshi ya yanke ta inda zai bi. Abin da ekstenshan ya yi shi ne ya sauƙaƙa, ya zama ba sai ka iya rubuta lambobin kwamfuta ba.

Saboda wannan hali na ukun ne nake ganin ekstenshan mai kyau ya fi manhajar VPN ta kyauta da ke kwashe dukan zirga-zirgar waya. Ɗalibin da makarantarsa ta ba shi furoksi don shiga rumbun mujallun ilimi, shafuka biyar ko goma kawai yake buƙatar su bi ta can. Mai gina shafukan intanet da ke son ganin yadda shafinsa ke buɗuwa daga waje, shafi ɗaya ne. Babu dalilin da zai sa Gmail da Facebook da shafin bankinsa su shiga ayarin.

Masu waya kuma ku lura. Chrome ta Android ba ta karɓar ekstenshan. Kiwi Browser da da yawa daga cikinmu muka saba amfani da ita don wannan, mai ita ya daina kula da ita a farkon 2025, kuma burauzar da aka daina sabuntawa gida ne marar ƙyaure. Firefox ta Android ta buɗe ƙofar ekstenshan ga kowa tun Disambar 2023, ita ce hanya mafi tsafta ga mai son gwadawa. Ban da wannan, a cikin saitin Wi-Fi na Android akwai wurin sa furoksi, haka ma a cikin saitin APN na layinka. Waɗannan biyun ba su da jerin zaɓi mai sauƙi irin na ekstenshan, kuma an fi mantawa da su.

Yadda aka yi muka koya

Yawancin matasan Arewa ba a aji suka koyi kalmar furoksi ko VPN ba, dole ce ta koya musu. Ranar 4 ga Yunin 2021 ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da Twitter a Najeriya, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Washegari kamfanonin waya suka toshe shi. Ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, bayan kwana 222. A watan Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. A tsawon wannan lokaci, ɗan jarida da ɗan kasuwa da ɗalibi duk ta bayan gida suke shiga. A Fabrairun 2024 an sake ganin irin haka lokacin da aka toshe shafin Binance da wasu shafukan kirifto.

Saboda haka ba na cikin masu cewa duk mai amfani da furoksi ɗan damfara ne. Akwai ranar da shi ne kaɗai tagar da ta rage. Amma wancan lokaci ya bar mana mummunar ɗabi'a: a shiga kantin manhajoji, a rubuta "kyauta", a ɗauki na farko, a kunna, a bari. An buɗe Twitter shekaru sun wuce, amma har yau akwai wayoyin da ke yawo da abin da aka saka a 2021.

Wannan shekarar ta kuma nuna mana iyakar abin. A Satumbar 2021 hukumar NCC ta sa aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Nijar ma, a ƙarshen Fabrairun 2021 an katse intanet ɗin waya na kusan kwana 10 bayan sanar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. A irin wannan hali babu furoksin da zai yi maka rana. Dillali yana aiki ne in kasuwa tana ci. In an rufe hanyar kasuwar, shi ma yana gida. Duk wanda ya sayar maka da wani saiti ya ce zai ba ka intanet inda babu sabis, kuɗinka yake so.

Wa ke biyan kuɗin na kyauta?

Saba kuɗi take ci. Akwai haya, akwai wuta, akwai kuɗin datar da ke wucewa. Wanda ya buɗe ta ga dubban mutane bai karɓi ko sisi ba, sai ka tambayi kanka inda yake fanshewa. Bahaushe ya riga ya faɗa, banza ba ta kai zomo kasuwa.

A 2015 aka gano yadda Hola, wani shahararren ekstenshan na kyauta, yake samun kuɗinsa. Duk wanda ya saka shi, na'urarsa ta zama furoksin wasu. Kamfanin yana sayar da wannan hanya ta wani reshensa mai suna Luminati. Maganar ta fito fili ne bayan an yi amfani da hanyar wajen kai wa wani shafi hari. Ma'ana, kai kana ganin ka sami dillali kyauta, ashe kai ne hajar.

A watan Mayun 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta sanar da rusa wata hanyar furoksi mai suna 911 S5, wadda ta tara adireshin IP sama da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200. Ta manhajojin VPN na kyauta irin su MaskVPN da DewVPN aka riƙa shiga kwamfutocin mutane, sannan a ba masu laifi hayar adireshinsu su yi damfara da shi. An kama wanda ake zargi da jagorantar abin, YunHe Wang, a Singafo.

Ka kawo wannan gida. A Najeriya kowane layi an haɗa shi da lambar NIN. In wani a wata ƙasa ya yi zamba ta cikin haɗinka, sawun da zai bari ba zai nuna ɗakinsa ba, layinka zai bi. Ko ba a kai ga haka ba, datarka ce ke ƙonewa. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya san zafin gigabait ɗaya. Ka saya da guminka, wani yana sha a ɓoye.

Ekstenshan ɗin ma abin dubawa ne

Ko da sabar mai amana ce, akwai wani dillalin na biyu, shi ne ekstenshan ɗin kansa. Shi a cikin burauzar yake zaune. In ka ba shi izinin karantawa da canza bayanai a dukan shafuka, https ba za ta kare ka daga gare shi ba, domin yana ganin shafin ne bayan an buɗe kullin, kamar yadda idonka ke gani. Yana iya kwashe kukis, wato 'yan bayanan da ke shaida wa Facebook cewa ka riga ka shiga. Wanda ya sami waɗannan ba ya buƙatar kalmar sirrinka, ba ya ma buƙatar lambar da ake turo maka ta waya.

Wannan ba hasashe ba ne. A ƙarshen Disambar 2024, daidai lokacin hutun Kirsimeti, wasu masu kutse suka yaudari wani ma'aikacin kamfanin tsaro na Cyberhaven da saƙon imel mai kama da na Google, suka sami damar ɗora gurɓataccen ekstenshan a madadin na gaskiya. Da masu bincike suka bi sawu, sai aka ga ekstenshan sama da 30 aka yi wa haka, masu amfani da su sun haura miliyan biyu. Abin da ɓarayin suka fi nema shi ne asusun kasuwanci na Facebook. A cikin jerin akwai wani mai suna Proxy SwitchyOmega V3.

Wannan suna yana da labari. Asalin SwitchyOmega ya daɗe yana cikin waɗanda aka fi yarda da su, amma mai shi ya daina sabunta shi. Da Google ta fara kashe ekstenshan masu tsohon tsari daga 2024, sai mutane suka bazama neman madadi, kwafe-kwafe masu suna kusan iri ɗaya suka cika kanti. Mutum zai ga sunan da ya sani da tambarin da ya sani, ya saka. Darasin a nan biyu ne. Kasancewar abu a kantin Chrome ba shaidar tsarki ba ce. Sannan ekstenshan yana sabunta kansa ba tare da ya tambaye ka ba, don haka wanda yake lafiya lau yau zai iya kwana ya tashi ɓarawo, ko don an yi wa mai shi kutse, ko don ya sayar wa wani. Haka ta faru da The Great Suspender, wanda Google ta cire a Fabrairun 2021 bayan ya canza hannu.

Akwai kuma tarkon da ya fi kowanne muni: a ce maka sai ka saka wani satifiket kafin furoksin ya yi aiki da kyau. Wannan satifiket shi ne mabuɗin kullin https. Ka saka shi, mai sabar zai iya buɗe saƙonka ya karanta ya mayar ya kulle, burauzarka ba za ta ce uffan ba. A 2019 gwamnatin Kazakistan ta nemi 'yan ƙasarta su saka irin wannan, sai da Mozilla da Google da Apple suka toshe shi a burauzojinsu. Abin da manyan kamfanoni suka ƙi yarda wata gwamnati ta yi, kar ka yarda wani a Telegram ya yi maka.

Maganar cit da canza ƙasa

Na san abin da wasu za su ce: mu ba ruwanmu da Twitter ko mujallun ilimi, data muke nema. Al'adar cit ta daɗe a ƙasar nan, tun zamanin wayoyin Java da Opera Mini da aka yi wa kwaskwarima, har zuwa yau da ake rarraba fayilolin HTTP Injector da HA Tunnel a gurup-gurup. Na fahimci matsin da ke kai mutum can. Amma ka lura da abu ɗaya: yawancin waɗannan fayiloli a kulle ake turo su, ba za ka iya ganin sabar da suke kai ka ba. Kuma ba burauza kaɗai suke ɗauka ba, dukan wayar ce, har manhajar banki. Ka tsira da naira ɗari biyar na data, ka jingina wayar da albashinka ko jarinka ke ciki. Ban da haka, kamfanin bai ba ka wannan datar ba, kai ma ka san sunan abin da aka ɗauka ba a bayar ba.

Sai masu sayen furoksi don su nuna suna Amurka ko Ingila: masu neman aikin lakabta bayanai, masu cike fom ɗin ra'ayi, masu buɗe asusun TikTok na waje, da masu tara asusu goma-goma a harkar mainin. Tun da Remotasks ta rufe ƙofarta ga 'yan Najeriya da Kenya a Maris ɗin 2024 wannan kasuwa ta ƙara bunƙasa. Ba zan musa cewa akwai rashin adalci a yadda ake rufe wa ƙasarmu ƙofa ba. Amma furoksi adireshin IP kawai yake canzawa. Agogon na'urarka yana nan a lokacin Najeriya. Fasahar WebRTC da ke cikin burauza tana iya tona adireshinka na gaskiya. Kamfanonin kuma suna da jerin adireshin sabobin haya. Sau da yawa ba ranar rajista ake kama mutum ba, sai ranar biya, lokacin da za a ce ya kawo katin shaida. Ya yi aikin wata guda, ya biya kuɗin furoksi, an rufe asusun, kuma ba shi da bakin kai ƙara tun da da ƙarya ya shiga.

"Ni me nake da shi da za a sata?"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma ita yaron nan ya fara ba ni. Kana da suna. Wanda ya karɓe shafinka ba hotunanka yake so ba, yardar da mutane suka yi maka yake so. Gwaggonka da ke Kano za ta tura dubu ashirin don ta ga sunanka da hotonka. Abokin cinikinka na Gaya ko Garko zai biya kuɗin takalmi don ya saba ba ka saɓa alkawari. Kuɗin wasu za a ci, kunyar kuma taka ce. A gari irin Utai, inda kowa ya san gidan su kowa, wannan asara ta fi ta kuɗi daɗewa.

Wasu kuma za su ce to a bar abin gaba ɗaya mana. Ban yarda ba. Wanda bai san yadda furoksi ke aiki ba, shi ne zai fi saurin faɗawa hannun na banza ranar da aka sake toshe wani shafi. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, cike da ɗaliban kwamfuta. Ɗalibin da ya iya hayar ƙaramar saba ya kafa furoksinsa, ya san abin da ke gudana a ciki, ya fi wanda ya haddace sunayen manhajojin kyauta guda ashirin. Ilimin muke buƙata, ba tsoro ba.

Abin da nake yi, kuma nake ba da shawara

Ka bar ekstenshan ɗin a kan kai-tsaye a matsayin zamansa na kullum. Furoksi baƙo ne, in ya gama abin da ya kawo shi a sallame shi.

In za ka kunna, yi amfani da jerin ƙa'ida. Rubuta shafukan da suke buƙata kaɗai. Banki, imel, Facebook, WhatsApp na burauza, shafin JAMB ko na makaranta, duk su tafi kai-tsaye.

Ka raba ekstenshan da saba. Na fi yarda da ekstenshan da makunni ne kawai, kai za ka kawo adireshin sabar da ka sani, a kan wanda ya zo da sabobinsa na kyauta ya ce danna nan kawai.

Kafin ka saka, duba sunan wanda ya yi shi, da ranar da aka sabunta shi, da ko lambobinsa a buɗe suke kowa na iya dubawa. Ka bi ta shafin masu shi na asali zuwa kanti, kar ka bi liƙau ɗin gurup. Fayil ɗin da aka turo maka aka ce ka ɗora da hannu, bar shi inda ka gan shi.

Ka ware burauza ko furofayil daban don aikin furoksi, wanda ba ka shiga kowane asusunka a ciki ba. Ko an yi sata, ɗaki ne babu kaya.

Kar ka saka satifiket ɗin kowa, sai in na wurin aikinka ne kuma ka san dalili. In burauza ta yi maka gargaɗin satifiket alhali furoksi yana kunne, kashe shi nan take.

Bayan ka kunna, da kuma bayan ka kashe, shiga shafin da ke nuna adireshin IP ka tabbatar abin da kake zato shi ne ke faruwa.

Sau ɗaya a wata, buɗe jerin ekstenshan ɗinka ka goge duk wanda ba ka tuna dalilin saka shi ba. A waya kuma leƙa saitin Wi-Fi da na APN, musamman in hannu-biyu ka saye ta ko ka taɓa ba wani ya "gyara maka netwok". In ka ga adireshi a gurbin furoksi kuma ba kai ka sa ba, share shi.

In kuma ka riga ka faɗa, ga tsarin: fara cire ekstenshan ɗin, sannan ka canza kalmar sirri daga wata na'ura mai tsafta, sannan ka shiga saitin tsaro ka fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun. Wannan na ƙarshen shi ne ke kashe kukis ɗin da aka sace. Ka kuma sanar da mutanenka da wuri, kafin a karɓi kuɗinsu da sunanka.

Haka muka yi da yaron nan a shagon caji. Imel ɗinsa yana hannunsa, don haka muka fara neman dawo da shafin ta nan, shi kuma ya zauna yana kiran abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikinsu sun riga sun tura kuɗi. Ya ce zai ba su takalman daga aljihunsa, don ba ya so a ce ɗan gidan wane ya ci kuɗin mutane.

A kasuwar Wudil, ko Bafulatanin da bai taɓa riƙe waya ba ya san ba a miƙa wa baƙon dillali igiyar dukan garke. Sa ɗaya ake ba shi, a tsaya a ga yadda zai yi, sauran suna hannun mai su. Ka buɗe burauzarka yau ka duba wa ke riƙe da taka igiyar.